Reshen da Na Sara a Hurumin Makka

Wasan ƙwallon gora na Kawu ya kasu kashi uku, kuma zan kawo su bi da bi. Ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne. Bakano ne, ɗan ga-ruwa a unguwar Mansur, wanda ya ba ni masauki da na iso Makka ta hanyar Sudan bayan yaƙin duniya na biyu, ina ɗan shekara ashirin da biyu.

Kashi na farko a ƙauyensu ya yi shi, da kaka, da ƙwallon goruba da sandar aduwa mai lanƙwasa a kai. Na biyu a gonakin audugar Sudan, inda ya shekara huɗu yana neman guzurin zuwa Makka. A can wani Bature mutumin Ailan, mai kula da magudanan ruwa, ya tarar da su suna wasa, ya ce shi ma ya buga irinsa a ƙasarsu yana saurayi. Shi ya koya wa Kawu ɗaga ƙwallo a bakin sanda a doke shi tun bai faɗi ba. Na uku a Makka ne, a filin bayan bukkokinmu, inda Kanawa da Zagezagi ke karawa kashegarin ƙaramar salla. A ƙarshen wannan kashi na shigo.

A tsakiyar azumi sandarsa ta aduwa ta tsage. Kawu dogo ne ƙwarai, sandar kowa ta yi masa gajarta. Ya riga ya ce wasan bana ne na ƙarshe, don gwiwa ta fara ƙi. Na so in saka masa da alheri. Na ɗauki gatari na gangara wani kwari kusa da gari, na sami bishiyar ƙaya mai reshe dogo, lanƙwasarsa kamar an auna. Na saro na kawo masa.

Ya juya shi, ya gwada a ƙasa. Na ga ya so shi.

"A ina ka saro?"

Na faɗa masa.

"Ka wuce duwatsun iyaka?"

"Wace iyaka, Kawu?"

Ya ajiye reshen a hankali. Ya ce a cikin hurumin Makka ba a saran itacen da ya tsiro da kansa, ko ƙaya ce. Na yi karatun allo, amma wannan ban taɓa jin sa ba. Bayan salla ne kuma zai kai ni wurin shugaban 'yan ga-ruwa ya shaide ni, a ba ni gurbi a bakin rijiya. Baƙon da aka sani da saran hurumi ba ya samun mai shaidarsa a Mansur.

"Na ɗaya, mayar da shi gindin uwarsa," in ji shi. "Na biyu, ka yi istigfari. Na uku, ka kama bakinka."

Kashegari bayan asuba muka taka har bayan Tan'im, wajen iyakar hurumi, neman wani reshen, da azumi a bakinmu. Itatuwan da muka samu duk miƙaƙƙu ne. Wanda muka saro sai an gasa, an lanƙwasa, an ɗaure kwana arba'in. Salla kuwa saura kwana goma sha huɗu.

Ranar wasa ya zauna a gefen fili hannu wofi. Wani tsohon Bazazzagi, abokin wasansa, ya tsaya a kansa.

"Bakano, sandar ce ta tsage ko zuciyar?"

"Sandar ce. Na tausaya muku bana."

"Duk itacen duniya ya ƙare ke nan?"

"Na tsawona ya ƙare. Na gajeru irinku yana nan a murhu."

Aka yi dariya, aka ci Kanawa uku da ɗaya. Har aka tashi bai dube ni ba.

Kwana biyu bayan haka ya kai ni wurin shugaba, ya ce, "Wannan nawa ne, na yarda da shi." Aka ba ni garwa biyu da sandar ɗauka. Da su na yi aure, da su na ciyar da 'ya'ya shida.

Da sabuwar sandar ta bushe, gwiwar Kawu ta gama ƙi. Ya auna ta a ƙuguna, ya rage taƙi ɗaya, ya miƙa mini. Shekara tara na buga wa Kanawa da ita. Tsohon Bazazzagin nan ya ci gaba da cewa tsoro ne ya zaunar da Kawu, shi kuwa har ya rasu bai gyara masa zance ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.