Kawu Ƙorafi da Keken Mai Ɗinki

Kafin 'yan kasuwa su gama share ƙofar shagunansu, Kawu Ƙorafi ya riga ya shigo, da tsohuwar jakarsa a kafaɗa da ƙaramin sikeli a ciki. Ba ya doguwar gaisuwa. Sai dai ka gan shi gaban mai sukari ya ɗora leda a sikeli, ko yana juya gwangwanin madara yana neman ranar lalacewarta. Daga nan ya wuce ɗan ɗakin da yake kira ofis, inda babu komai sai benci da tebur, da tulin fankoki da butocin lantarki da suka mutu tun suna sabbi. A nan ya tsufa yana sauraron kukan waɗanda aka cuta a ciniki. A wannan watan yake ajiye aikin, don maƙogwaro ya ƙi, gwiwoyi ma sun bi sahu.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ba shi da daɗin harshe. Mai shago yana shan faɗansa, wanda ya kawo ƙara ma ba ya tsira. Ga siyasa kuma. In aka ba shi fili a rediyo ya yi bayanin jabun kaya, kafin a ankara ya karkata yana wasa jam'iyyarsa yana zage sauran tas. Shi ya sa wasu ke rantsuwa cewa shagunan 'yan adawa kaɗai sikelinsa ya sani.

Cikin masu wannan rantsuwa har da wata mai ɗinki a bakin kasuwar. Ita tana da dalili, don yayanta ne Kawu ya taɓa kira ɗan amshin shata a rediyo, duniya na ji. Tun daga ranar in ta hango shi sai ta duƙar da kai kan ɗinkinta.

Ana nan sai ta sami aikin ɗinka kayan makaranta, irin aikin da in ka cika alkawari ya zama naka duk shekara, in ka saɓa kuma shi ke nan. Ta sayar da tsohon kekenta ta sayo na lantarki a babban shagon kan kwana. Bai yi sati ba ya fara tsinka zare yana tsallake ɗinki. Da ta ɗiga masa mai ta goge, fenti ya biyo tsumma, tsatsa ta leƙo. Ashe tsohon keke ne aka yi wa kwalliya. Ta mayar, mai shagon ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Ta koma ta zauna tsakanin yadudduka da aka riga aka yanka, babu tsohon keke, babu sabo, ga ranar komawa makaranta na matsowa.

Mijinta ya ce ta je wurin Kawu. Ta yi dariyar takaici, don kowa ya san mai shagon shi ne shugaban jam'iyyar su Kawu a unguwar, ɗakin ofis ɗin ma nasa ne, aro ya ba shi. Amma da ta rasa mafita sai ta haɗiye girman kanta ta tafi.

Kawu ya kankare fentin da farce, ya harare ta.

"Ke da idonki kika sayi wannan? Ko kin bar su a gida ne ranar?"

"Kawu, ban zo zagi ba. In ba za ka iya da ubangidanka ba, ka faɗa mini in tafi."

"Wa ya ce miki ina da ubangida? Ɗauki kayanki mu je. Amma ki sani, ke za ki yi magana."

Wannan ita ce ƙa'idarsa, kuma ita ta fi jawo masa baƙin jini. Ba ya ara wa kowa bakinsa. Wanda aka cuta shi zai ɗauki kayan, ya aza a kan kantar shagon a gaban masu sayayya, ya faɗi abin da aka yi masa, shi Kawu yana tsaye a baya kamar ginshiƙi. Mutane da yawa sun juya daga bakin ƙofa suna tsine masa.

Mai shagon ya tarbe su da fara'a, ya sa a kawo wa Kawu kujera, ya ce su shiga ciki su kashe maganar ta 'yan gida. Kawu bai zauna ba. Mai ɗinki ta waiwaya tana neman agaji, ya nuna mata kantar shagon da haɓa. Ta dire keken a kai. Ta faɗi abin da aka yi mata, ta goge fentin da gefen mayafinta ta nuna wa duk wanda ke wurin. Wani da ya zo sayen janareto ya fara kankarar nasa da makulli.

"Kawu, ni za ka yi wa haka? Ka manta ɗakin wa kake zaune?" in ji mai shagon.

"Ban manta ba. Ka ba ta kekenta, ka karɓi ɗakinka."

Haka kuwa aka yi, duka biyun. Ta fita da sabon keke a kwalinsa, ta cika alkawarin makaranta, har yau aikin na hannunta. Kawu kuma washegari ya tarar an canja kwaɗon ofis an fitar da kayansa waje, ya ja bencinsa zuwa rumfar wani makanike, aka kuma cire shi daga kwamitin jam'iyya. Abin haushin, bai bar jam'iyyar ba, ranar da ya koma rediyo ma sai da ya wasa ta. Yayan mai ɗinki ya ce duk neman suna ne. Mutanen mai shagon suka ce butulci ne. Ita dai ta ce ƙuri'arta ba za ta taɓa zuwa inda tasa take ba, amma kada wanda ya ƙara zaginsa a shagonta.

Kawu, kai ne ka koya wa masu jin kunya cewa neman haƙƙi ba rashin tarbiyya ba ne. Ka ɓata mana rai, ka gajiyar da mu da siyasarka, wani lokacin ka yi faɗa inda lallashi zai wadatar. Duk da haka, ranar da gaskiya ta faɗo a kan naka, ba ka kau da kai ba, kuma mun gani.

Da mai ɗinki ta ji zai huta, ta zauna ta ɗinka masa riga, ta aika masa. Da yamma sai ga shi yana ɗingishi, ya shimfiɗa rigar a kan teburinta. Muryarsa ta dishe, sai da ta matso ta ji shi.

"Hannun hagu ya fi na dama tsawo."

Ta ɗauko tef ta auna a fusace, ta ga haka ne. Ta yi dariya har hawaye suka zubo, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen suka ci gaba. Ya zauna a benci yana jira ta gyara.

Mun gode, Kawu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta, in har ka iya hutun. Mu kuma da muka saba cewa a bar wa Allah alhali tsoro ne ke cin mu, gobe in aka cuci maƙwabcinmu babu wanda za mu tura shi wurinsa. Sai dai mu tashi mu raka shi, mu tsaya a bayansa har ya gama magana.