Kan Malama a Bakin Dodo

'Ya'yanta ne suka laƙaba mata suna Saura Babi, sunan kuwa ya bi ta. Mai gyaran tufafi ce. A ɗakin gaba ta kafa kekenta, tana sa zif, tana rage ƙugun wando, tana yi wa kayan makaranta faci a gwiwa. Ba ta taɓa barin ɗinki a rabi ba. Amma littafi, komai daɗinsa, da ta kai babin ƙarshe sai ta rufe ta ɗora a kan kabad. Wai muddin ba ta ga ƙarshe ba, mutanen ciki suna nan suna harkarsu. Ni dai ban ga hikimar abin ba, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mijinta tsohon direban bas ne, yanar ido ta sauke shi daga mota. Likita ya ce ƙaramin aiki ne, a cire ya gani garau. Direba ya ce shi idonsa ba albasa ba ne da za a sa masa wuƙa. Duk ranar da asibiti suka ba shi, sai ciwon ciki ya taso masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan manyan hanyoyi, yanzu da lalube yake nemo takalminsa. Abin yana ci mata rai ƙwarai.

Ana haka autarsu ta kawo mata wani ƙagaggen littafi mai ban dariya, labarin wata malamar kimiyya da ta hau tsaunuka tana nazarin dodanni masu fukafukai, masu aman wuta. Kullum da hantsi, in ta ɗaga ƙafa daga keke, sai ta karanta wa Direba babi ɗaya. Da farko cewa ya yi shirme ne. Amma da aka zo inda malamar take auna zafin jikin wani dodo mai mura, ya yi atishawa ya babbake mata gira da lema, Direba ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Daga nan shi ke tuna mata lokaci. Masu kawo ɗinki ma sai su zauna a benci su manta da abin da ya kawo su. Ita kuwa malamar ta kwanta mata a rai, don halinsu ɗaya, in sun sa kai ba sa jin kira.

Ranar da suka kai inda malamar ta cusa kanta cikin bakin wani tsohon dodo don duba masa haƙori mai ciwo, hancinsa kuma ya fara ƙaiƙayi, Saura Babi ta rufe littafin ta ɗora a kan kabad.

"Ina sauran?" in ji Direba.

"Ka san halina, Malam. Babin ƙarshe ne."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, a banza. Ya nemi auta ta ƙarasa masa, ashe uwar ta riga ta ja mata kunne. Cewa kawai autar ta yi rubutun manya-manya ne, mai ido ɗaya ma ya karanta. Ya yi ta ƙunƙuni, wai an bar baiwar Allah da kai a bakin dodo babu ko tausayi. Da ranar asibiti ta sake zagayowa, shi ya riga kowa sa takalmi.

Bayan ido ya warke, ya sauko da littafin da hannunsa ya zauna a benci. Ta ɗauki wani wando za ta sulale waje don kada ta ji.

"Dawo ki zauna," ya ce. "Ke kika sa aka sa min wuƙa. Yau sai kin ji ƙarshen labari."

Ta koma kujerar keke ta zauna. Ya fara karatu a hankali, yatsa bisa layi, bini-bini yana ɗago kai yana kallonta. Ta ce ya dubi littafinsa mana. Ya ce ta yi haƙuri, ya daɗe bai ga fuskarta ba, ashe har ta yi furfura bai sani ba.