Baba Ango, Mai Tsaron Rumbun Ubangiji

Kafin mata su ɗauki tuluna su nufi rijiya, Baba Ango ya riga ya isa bayan majami'a. Can rumbunan ikilisiya biyu suke, babba da ƙarami, na laka, zaune bisa duwatsu. Yakan durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsu ko gara ta fara gini, ya barbaɗa toka, ya toshe ramin ɓera, ya kori awakin da ba ruwansu da na Allah ko na mutum. Daga nan ya jingina tsani ya hau ya duba murfi. A da, kafin ka ce me ya kai sama. Yanzu sai ya tsaya a tsakiya yana haki, mu masu wucewa mu yi kamar ba mu gani ba.

Tun kafin farin shekarar saba'in da uku yake wannan aiki a ƙauyenmu, tsakanin Buza da Tabotaki, inda gidajen Kirista ba su da yawa. Al'adarmu ita ce da kaka kowane mai bi ya kawo ushirin hatsinsa, dami ɗaya cikin goma. Ango ke karɓa. Ya kwance dami, ya zaɓi zangarniya masu cika ya zuba a ƙaramin rumbu don iri, saura su tafi babban saboda marayu, gwauraye da baƙi. Sai a shafe bakin ƙaramin da laka, dattawan ikilisiya kowa ya danna tafin hannunsa tun tana ɗanya. Ba a fasa lakar nan sai ruwan shuka ya sauka. Albashi kuwa babu, sai "sannu da aiki", ita ma ba kullum ba.

Daminar tamanin da huɗu ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ɗan abin da gonakin kwari suka bayar shi aka zaɓa aka shafe a ƙaramin rumbu, ko rabi bai kai ba. Babban kuwa kafin sanyi ya wuce an share shi har ƙasa. Mata suka shiga daji neman anza, 'ya'yan itacen da ake ci lokacin yunwa, suna jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya ragu. Idon gari duka ya koma kan rumbu guda, da mutum guda.

Aka fara cewa ai Ango yana ɗiba a ɓoye. Malam Lurwanu, maƙwabcinsa Musulmi, wanda danga ɗaya ta raba su, shi ya kashe zancen a bakin masallaci. Ya ce, "Ku ji tsoron Allah. Tun sanyi ban ji taɓaryar Dela ba." Dela ita ce matar Ango.

Wata rana da hantsi ɗansa na fari, Almu, ya same shi a gindin rumbu. Matar Almu tana goyo, nono ya ɗauke mata.

"Baba, dami guda nika so," in ji Almu. "Jikokinka na, ba ɗiyan wani ba. Kai ar riƙe da rumbu, wa ka hana ka?"

Ango ya ƙi. Ya ce, "Ba nau ba na, Almu, na Ubangiji na. In na hwasa maka yau, gobe gari duka na nan tsaye, kuma da gaskiyassu. Ruwa ya zo, mi za mu shibka?"

Dattijo Iliyasu, wanda tafin hannunsa ke jikin lakar, ya ja Ango gefe ya ce ya fasa lakar, su sun rufe ido. Ango ya ce wanda ya ba shi amanar ba ya rufe ido. Almu ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To, zamna da rumbunka." Ranar kasuwa ya kwashi iyalinsa suka hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Madawa, daga can aka ce sun tsallaka Najeriya. Dela ta yi wata da watanni ba ta ce wa mijinta ko sannu ba. Ni dai har yau ban san abin da zan yi ba da ni ne a gindin rumbun nan, kuma ina gode wa Allah da ba ni ba ne.

Da ruwan shuka ya sauka aka fasa laka a gaban kowa. Ango ya auna iri tiya-tiya, bai tambayi kowa inda yake ibada ba. Mu muna shuka, mutanen wasu ƙauyuka suna yawon neman iri a kasuwar Buza. Kakar ta yi kyau, aka ci aka ƙoshi, aka manta da wanda aka zaga.

Kai ne, Ango na Dela, ka kwana da yunwa a gefen hatsi. Kai ne ka sha zagin waɗanda daga baya suka miƙo maka ƙwarya. Mun ga yadda abin ya tsufar da kai, mun ga yadda kake tsayawa bakin hanya duk ranar da kamyo ya shigo gari, ka jira kowa ya sauka sannan ka juya gida.

Lahadin da ta wuce ya miƙa aikin ga Alhassan, wani ɗan ikilisiyarmu, domin ƙafa ta ƙi hawa tsani. Bayan sujada pasto ya tambaye shi abin da ikilisiya za ta yi masa na godiya. Ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ku ba ni dami guda. Ba ɗauka za ni yi ba, roƙo nika yi. In Almu ya komo, in samu abin da za ni miƙa mai." Babu wanda ya iya ɗaga kai a majami'ar. Iliyasu ne ya tashi ya ɗauko damin da kansa.

Mun gode, Baba Ango. Ubangiji ya hutar da gajiyarka. Ku kuma da aka danƙa wa wani abu na Allah, gona ce ko rijiya ko 'ya'yan mutane, ku riƙe shi yadda tsohon nan ya riƙe, kuna sane da cewa riƙon yana da tsada. Wanda kuma hanya ta kai shi inda Almu ɗan Ango yake, don Allah ya gaya masa damin da ya roƙa yana nan a ɗakin ubansa, kuma ƙarfin tsohon ya ƙare.