Wankan Malam Saleh

Duk wanda ya taɓa yawon neman sa hannu a wata ma'aikata a Abuja a shekarun baya ya san Malam Saleh masinja, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan da ke zama a benci bakin ofishin darakta. Daga wani ƙauye bayan Malumfashi ya zo yana saurayi, ya fara da leburanci a wurin gini, har Allah ya haɗa shi da wani oga ya ɗauke shi. Bai yi boko ba, amma ɗan Turancin da ke bakinsa shi ya ciyar da gidansa. "Oga is not on seat," wato oga ba ya kan kujera. "Come back tomorrow." Alhali ogan yana ciki yana cin gyaɗa da ayaba, ko kuwa ya sulale ta ƙofar baya tun azahar, ya bar kwat a rataye a kujera, fanka tana juyawa. Malam Saleh ne ke rataye kwat ɗin.

'Yarsa ta fari, Safiyatu, da waɗannan kalmomi ta tashi a gidansu na unguwar Dutse Alhaji. In ya dawo da yamma sai ya zauna a tabarma yana kwaikwayon manya, yana fassara wa yara. "Dodge" shi ne mutum ya hango aiki ya kauce. "Sneak out" fita ce da sanɗa, irin ta mage. "Abscond" kuwa sai an tsere gaba ɗaya. Yara su yi ta dariya. Ƙaninta Hanif ya fi kowa haddacewa, uban ya shafa kansa ya ce, "Wannan ba a benci zai zauna ba, ciki zai shiga." Ya kuwa shiga. Ita Safiyatu kifi take sarowa a kasuwar Kado tana soyawa a bakin titi, shi ya yi digiri ya samu ofis mai sanyi.

Bayan Malam Saleh ya yi ritaya, matarsa ta rasu, sai hawan jini ya kayar da shi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Safiyatu, wadda ita ma mijinta ya riga ya rasu, ta kwaso kayanta ta dawo gida. Ita ce ba shi abinci a baki, ita ce juya shi, ita ce wanki. Abu ɗaya ya gagara, wanka. Da hannunsa mai lafiya tsohon ya damƙe zanen da ke jikinsa, ya ce 'yarsa ba za ta ga tsiraicinsa ba yana da ɗa namiji a garin nan. "A kira min Hanif," in ji shi.

Ta kira. "Yaya, ina mitin." Ta sake kira. "Yaya, an tura ni aiki Legas." Kai, wannan yaro! Kwanaki suna tafiya, ita sai dai ta goge masa fuska da ƙafafu, bayansa kuwa ya fara tsagewa, ɗakin ya fara wari. Ranar da abin ya ishe ta, ta rufe kaskon kifi ta shiga mota har ofishinsa. Wani masinja a benci ya dube ta sama da ƙasa ya ce oga ba ya nan, da irin Turancin nan dai. Ta leƙa ta gefen ƙofa, ga kwat a rataye, ga fanka tana juyawa. Wata dariyar baƙin ciki ta kuɓuce mata. "Ni za ka gaya wa wannan? Bawan Allah, a tabarmar gidanmu aka raini maganar nan."

Ba wai Hanif ba ya zuwa unguwar ba ne, abin da ya fi ƙona rai ke nan. Zuwa yake yi. Ya ajiye mota can nesa a titin Bwari, ya lallaɓo ta lungu, ya bar leda a kantin Naomi maƙwabciyarsu, ya juya. A cikin ledar madara ce da sabulu mai ƙamshi. Sabulu! Shi sabulun ne zai tashi ya cuɗa tsoho?

Wata la'asar ta kama shi. Ta fito zubar da ruwa, sai ga shi a laɓe jikin taga yana leƙen ubansa, takalmi a hannu. Ta riƙe rigarsa.

"Shiga ciki, ga ruwa na dafa."

"Yaya, wallahi ba zan iya ganinsa a haka ba. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

"Ni tawa ta ƙarfe ce? Ni na goya ka a bayan nan, Hanif. Mutumin da ya tsufa a benci don ka zauna a kujera, ruwa kawai za ka zuba masa!"

Ya ce zai nemo wanda zai riƙa yi. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya kara a kunne, ya fara ja da baya, da baya, har lungu ya haɗiye shi.

Tagar a buɗe take, tsohon ya ji komai. Da ta shiga ta tarar ya juya fuska bango, ya saki zanen. "Ya doje," ya faɗa da karkataccen bakinsa. Can ya ce, "Zo ki yi, Safiyatu." Ta yi masa wanka kanta a kauce, tana lalube da hannu, hawaye yana zuba a cikin bahon. Shi ma kukan yake, bai buɗe ido ba har ta gama. Daga ranar bai ƙara ambaton Hanif ba. Ita ta ci gaba da yi masa har damina ta zagayo.

Da safiyar wata Talata tsohon ya cika. Kafin hantsi Hanif ya iso da abokan aiki mota-mota, cikin farar shadda, ya zauna a kujerar roba a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, ido jawur. Safiyatu tana cikin mata, domin wankan gawar namiji ba nata ba ne. Liman ya naɗe hannun riga ya ɗaga murya, "Ina ɗan mamaci? Ya shigo ya zuba wa mahaifinsa ruwa."

Aka duba. Ga hularsa a kan kujera, shi babu. Wani ya ce yanzun nan ya zagaya amsa waya. Aka jira, aka aika, rana tana ɗagawa. Daga ƙarshe Yahuza mai sayar musu da ruwa a kura ya cire takalmi ya ce shi zai kama wa liman.

Safiyatu ta taso a fusace, ta tsaya bayan labule. "Malam, ku daina jira. Oga ba ya kan kujera." Ta miƙo sabulun nan mai ƙamshi da har yau ba ta taɓa ɓarewa ba. Sannan ta sassauta murya. "Don Allah ku bi a hankali ta kafaɗar hagu, akwai ciwo a wurin."