Mai Zana Wa Yaya Hanya

Shekara ashirin da shida mai gyaran famfo yana cikin wasan nan, amma bai taɓa riƙe abin dannawa ba. Yayansa ke riƙewa. Shi nasa aikin biro ne da takarda.

Sun fara ne tun suna samari, a falon mahaifinsu, gaban wata talabijin mai ƙatuwar ƙeya da sai an mare ta hoto yake tsayawa. Wasan na jarumai huɗu ne masu yawo daga gari zuwa kogo, daga kogo zuwa hasumiya, suna farautar dodon da ya sace ruwan duniya. A wancan lokacin ba mai nuna maka hanya. Ka shiga kogo, ka yi hagu sau biyu, shi ke nan ka ɓace. Sai ƙanen ya yago takarda daga littafin makarantarsa ya fara zane: nan ƙofa, nan rami, nan akwatin da ke cizo. Yaya na tafiya, shi yana cewa, "Dama. Koma baya. Ba nan ba, nan muka mutu jiya."

Kashi takwas na wasan suka gama a haka. A tsakani Yaya ya zama direban motar kamfani, shi ya koyi famfo, kowa ya yi aure ya kama gidansa. Zanen ma ya yi masa rana a sana'a, don in ya zagaya gida sau ɗaya zai zana maka inda kowane bututu ya bi ta cikin bango. Su biyun ba masu hira ba ne. Satin da mahaifiyarsu ta rasu, da baƙi suka watse, Yaya ya kunna wasan, ƙanen ya buɗe littafi, suka yi awa uku a cikin wani kogon ƙanƙara. Ba wanda ya ce wa wani ka yi haƙuri. Duk Asabar bayan azahar ƙanen yana gidan Yaya. In ka cire wannan zaman, sai su yi wata biyu ba su ji muryar juna ba.

Da kashi na tara ya fito, guruf ɗin masu wasan a waya ya kama da wuta. Wani tela ya rubuta cewa an kashe wasan an binne: da can faɗa bi da bi ne, ka yi tunani, ka kurɓi shayinka, sannan ka sara, yanzu kuwa sai danne-danne kamar mai kashe kiyashi. Wani malamin makaranta ya ce jaruman sun cika surutu, da can a rubuce suke magana, kowa ya sa musu muryar da yake so. Sababbin shiga suka ce tsofaffi ku tafi ku huta, wa zai yi kwana uku yana neman ƙofa ɗaya? Mai famfo bai rubuta komai ba. Ya sayi sabon littafi da biro biyu.

Asabar ta farko ya zauna a kujerarsa a gidan Yaya, littafi a cinya. Hoto ya fito tas, har ganyen bishiya ana gani. Sai ga wata 'yar taswira a kusurwar talabijin, da kibiya mai ruwan zinare tana nuna inda za a bi. Yaya ya bi ta. Cikin minti ashirin ya shiga kogo ya fito ta ɗaya gefen.

"Kai, wannan ya yi," in ji Yaya. "Ba wahala."

Matar Yaya ta ajiye musu shayi, ta leƙa littafin. "Yau magatakarda ba aiki? To zo ka rubuta min cefane, kada biron ya bushe."

Ya yi dariya, don ba laifinta ba ne. Ya zauna har la'asar, ya tafi da littafin fari fat.

Asabar ta biyu ya ce yana da aiki a wani bene. Ta uku ma haka. A ranar ya ga Yaya ya rubuta a guruf cewa shi dai na tara ya fi masa, idonsa ya fara gajiya, kibiyar ta hutar da shi. Mai famfo yana kwance ƙarƙashin wani tanki lokacin da ya karanta. Ya kife wayar a kan siminti ya ci gaba da ɗaure bututu. Gaskiya Yaya ya faɗa, kuma ba abin da za a yi gardama a kai.

Asabar ta huɗu waya ta yi ƙara. Yaya ne.

"Famfon kicin na yoyo. Ka zo da kayanka."

Ya je. Ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya haska. Ruwa na ɗiga, ba ƙarya. Amma notin bututun nan, shi ya ɗaure shi da hannunsa bara, ga kuma sabon shatin filaya a jikinsa, irin na wanda bai iya ba, har ya goge masa gefe. Ya juya sifana sau ɗaya da rabi, ɗigar ta tsaya.

"Wa ya taɓa nan?"

"Ni ban ga komai ba," in ji matar Yaya daga bakin ƙofa. "Na dai ga wani ƙato jiya yana nishi a ƙarƙashin nan, ya fito da gizo-gizo a gemu."

"Ke dai ba a sirri da ke," Yaya ya ce daga falo. "Kai, kana da baƙin salatif a jakar nan?"

Ya miƙa masa. Yaya ya yanko guda huɗu da haƙori, ya je ya manna a kusurwar talabijin, ya rufe taswirar da kibiyarta ruf.

"Na duba ko'ina, babu inda ake kashe ta," ya ce, bai juyo ba. "Akwai wani kogo mai hawa bakwai a gaba. Sati biyu ina tsaye a bakinsa."

"Ai ka ce kibiyar ta hutar da kai."

"Ta hutar da ni. Zauna."

"Sabuwar talabijin ce fa!" in ji matar. "In ya bar tabo ku biyun za ku goge."

Mai famfo ya shafa aljihu. Bai zo da littafin ba. Ya ciro kalandar bango, ya juya bayan watan da ya wuce, ya ɗauko fensirin da yake sa alama a bututu. Hannunsa da sauran danshi, takardar ta ɗan jiƙe a gefe.

Yaya ya shiga kogon. Hanya ta rabu uku.

"Ina?"

"Ina na sani? Bi ta tsakiya mu gani."

Suka bi. Taku goma, ƙasa ta rufta da jaruman huɗu gaba ɗaya.

"Madalla," in ji Yaya. "Rubuta rami."