Giya-Biyu da Madubansa

Ƙanena ya yi shekara talatin da huɗu yana jan babbar mota, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya gan shi ya wuce wani a hanya ba. Shi ake wucewa. Masu keke ma, in suka karya da kyau, sukan gwada sa'arsu. Shi ya sa abokan aikinsa suka laƙaba masa Giya-Biyu, sunan ya biyo shi har gida. Ni na goya shi, don haka ina da lasin faɗin abin da na ga dama a kansa.

Ba haka aka haife shi ba. Yana saurayi rawar kai gare shi kamar ɗan akuya. Satin da ya karɓi lasin ya zo ƙofar gidanmu da motar ubangidansa, don mu san ya zama mutum. A ranar na fito da keken ɗinkina waje ina sa masa mai, sabo fil, ko wata uku bai yi ba. Na tashi ɗauko tsumma ke nan, gogan naku ya danna hon, ya ɗaga wa 'yan matan layi hannu, ya sa ribas bai dubi madubi ba. Da ya sauko ya ga keken ya zama faranti, ya ga kuma kujerar da na tashi daga kai ta zama itacen girki, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ban zage shi a ranar ba, na ga ya riga ni. Na dai adana zagin, ina gutsura masa kaɗan-kaɗan har yau.

Tun daga ranar bai sake motsa mota ba sai ya dubi madubin hagu, ya dubi na dama, ya sake duban na hagu. Da safe yakan goge madubai kafin ya wanke fuskarsa. Kamfanin da ya yi wa aiki suka gane halinsa, duk kayan da ke fashewa shi ake ɗora wa: gilashin taga, tayil, kwanukan tangaran. Yakan iso bayan kowa, amma ko kofi ɗaya bai taɓa tsagewa a motarsa ba.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya taɓa masa ƙafar hagu, ƙafar kuloci. Likita ya ce tuƙi ya ƙare. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya tun kafin nan, nawa mijin ma haka, sai muka haɗu a hawa na biyu na wani bene a bakin titi: ni, da shi, da 'yarsa Auta, wadda ke aikin jinya a asibiti. Da fari yakan ja kujera bakin taga ya wuni yana yi wa direbobi shari'a. "Dubi wancan, ya shiga kwana ba sigina. Wa ya ba shi lasin?" Ina ɗinki ina ce masa ya sauka ya kama su mana. Daga baya ya daina. Yana zaune a tagar, motoci na ta ɓarna a gabansa, ko tsaki ba ya yi. Wannan ne ya ba ni tsoro. Mutumin da ya daina ganin laifin wasu, ya fara sallama da duniya.

Auta ce ta samo dabara. A gidan wata abokiyar aikinta ta ga ana wasan tuƙin tirela a kwamfuta, da sitiyari na gaske, da totur da birki a ƙasa, ba kuloci. Ta kakkaɓe tsohuwar kwamfutar da ta yi karatu da ita, ta sayo sitiyarin. Sannan wata Asabar sai ga ƙarti biyu suna hawa bene da wani kwali, suna nishi kamar sun ɗauko firij.

"Auta, ƙofa kika sayo mana?"

"Allon kwamfuta ne, Gwaggo. Irin na masu gasar wasa. Babu wanda ya fi shi a shagon."

Da aka fito da shi, gaskiya abin kallo ne. Faɗinsa ya kai buɗin hannuwana biyu, a lanƙwashe kamar gilashin gaban mota, da wata fitila a bayansa mai canza launi, wadda har yau ban san wa take haskawa ba in ba bango ba. Ban tambayi kuɗinsa ba. Na dai lura takalmin aikinta da ta ce za ta canza tun bara yana nan a bakin ƙofa, bakinsa a buɗe.

Ƙanena ya zauna. Ya ja kujera gaba, ya mayar da ita baya kaɗan. Ga shi cikin kan tirela, ga titi shimfiɗe, ga madubai biyu a gefen allon. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu. Na ga kafaɗunsa sun tashi yadda na san su. Auta ta matse min hannu har na ce ta sake ni, ba ni ce majinyaciyar ba.

Bayan minti goma ya tsayar da motar a gefen titi, da sigina, ya miƙe. "Madalla. Allah Ya yi miki albarka," ya ce, ya shige ɗaki ya kwanta.

Daga nan aka shiga wasan kwaikwayo. Duk wuni allon yana rufe da zanen gado, shi yana taga. Da ya ji takun Auta a matakala sai ya yaye zanen, ya kama sitiyari. Ta shigo ta gan shi, ta yi murmushi, ta shiga wanka, shi kuma ya koma ɗaki yana dafa bango. Yarinyar ba sakarya ba ce. Ranar nan ta same ni a kicin ta ce, "Gwaggo, ko dai na fama masa ciwo ne? Na tuna masa abin da ya rasa?" Idonta ya ciko. Na ce ta yanka albasar da ke gabanta, ko hawayen ya sami dalili.

Washegari da ta fita na tsare shi. Na same shi yana tsotsar lemon tsami.

"Ciki gare ka?"

"Yaya, don Allah."

"To me ke sa tsoho tsotsar lemon tsami da hantsi? Ka faɗa min, ko in tambayi 'yarka, ita ce ma'aikaciyar jinya."

Ya ce, "Hanyar ce ke shaƙuwa. In na juya sitiyari, sai motar ta yi tunani kafin ta bi. Bishiyoyi ba sa wucewa, tsalle suke yi. Minti biyar, kaina ya fara juyawa, zuciyata ta tashi. Ni da ban taɓa amai a mota ba."

"Shi ne ba za ka faɗa mata ba?"

"Kin ga takalminta?"

Ashe shi ma ya gani. Madubi dai bai bar shi ba.

A ƙasan benenmu akwai shagon gyaran kwamfuta na wata mata da kowa ke kira Injiniya, gajera, da tabarau a goshi da sukundireba a aljihun riga. Nakan rage mata tsawon wanduna, don haka da na ce ta hau, ta hau. Ta kunna wasan, ta danna wani abu, wata 'yar lamba ta fito a kusurwar allon tana rawa tsakanin sha takwas da ashirin da biyu. Ta buɗe cikin kwamfutar ta leƙa, ta yi dariya.

"Baba, allon nan ba shi da laifi. Shi nunawa kawai yake yi. Mai zana hoton wannan ne." Ta nuna wani ɗan faifai mai fanka guda, ƙura ta yi masa gemu. "Girafik kad ke nan, katin hoto. Allonku zai iya canza hoto sau ɗari biyu da arba'in a daƙiƙa ɗaya. Wannan bawan Allah ashirin yake iya zanawa, shi ma da kyar, don allon ya yi masa faɗi."

Na ce, "Ɗari biyu da arba'in? Aka saya wa mutumin da gudun motarsa bai taɓa wuce sittin ba?"

"Sittin ɗin ma ta ishe shi, Mama. Da zai samu sittin, jirin ya tafi."

Ƙanena ya gyaɗa kai. "Na gane. An ɗora bodin tirela a kan injin babur."

"Kin ji mai sana'a," in ji ta.

Na tambayi kuɗin katin da zai iya jan wannan allo. Da ta faɗa, sai na ce ta maimaita, ko kunnena ne ya tsufa. Ya fi kuɗin allon, kuma wai sai an canza masa akwatin wuta, don ci gare shi kamar dutsen guga. Na ce a wannan kuɗin ai gara a saya masa mota ta gaske, a ɗaure ta a falo.

"Akwai dabara ta kyauta," in ji Injiniya. Ta rage kyan hoton. Lambar ta ɗan hau, amma allunan kan titi suka zama kamar an shafa musu man shanu, ba a iya karanta komai. Ta mayar. "To bari mu gwada wannan. Shi ya fi cin ƙarfi." Ta danna, lambar ta yi tsalle ta haye arba'in. Titin ya miƙe sumul, bishiyoyi suka daina tsalle.

"Zauna ka ji, Baba."

Ya zauna. Ya dubi hagu. Bai ga komai ba.

"Ina madubaina?"

"Na kashe su. Kowane madubi sai katin ya sake zana wata duniyar a cikinsa, aiki uku yake yi a maimakon ɗaya. Yawancin masu ƙaramin kati haka suke yi. Ai wasa ne, ba wanda za ka taka."

Ya ɗauke hannuwansa daga sitiyarin ya ɗora a cinya. "'Yata, na gode. Mayar min da su."

"Jirin zai dawo fa."

"Ya dawo."

Na ce, "Kai, Giya-Biyu, babu keken ɗinkin kowa a cikin allon nan."

"Yaya, waccan ranar ma ban san akwai ba."

Injiniya ta mayar masa da madubansa.

Muna haka Auta ta turo ƙofa, aikin safe ta yi. Ta ga cikin kwamfutarta a buɗe, ta ga baƙuwa da sukundireba, ta ga ɓawon lemon tsami a faranti. Na buɗe baki zan gyara zancen, ƙanena ya ɗaga min hannu.

"Zauna, Auta. Laifina ne, na yi miki ƙarya sati uku." Ya faɗa mata komai, a hankali, yadda yake shiga kwana. Ya ce kyautarta ta fi ƙarfin injin gidan, kuma shi ya fi son ƙaramar mota mai lafiya da madubanta a kan babbar da zai tuƙa a makance.

Ta daɗe tana kallon allon. "Na so in ba ka wanda ya fi kowanne, Baba."

"Na sani. Na gan shi. Sati uku ina kallonsa, ko a rufe yake."

"Kuma ka bar ni ina zaton ba ka so? Kana jiri, da 'yarka ma'aikaciyar jinya a gida?" Nan ta juye ta zama ta asibiti, ta ɗauko abin awon jini ta naɗe masa hannu tana faɗa. Na ji daɗi, na huta rana ɗaya.

Injiniya ce ta raba gardamar. Tana da wani mai gasar wasan harbi da ya daɗe yana neman irin wannan allo. Ta karɓe shi, ta ba mu wani madaidaici, miƙaƙƙe, ba fitila a baya, da katin hoto na hannu mai fanka biyu, wanda ta ce ta gwada shi kwana uku bai yi zafi ba. Ƙartin nan biyu suka dawo suka sauke kwalin. Auta ta tsaya a saman matakala tana bin sa da ido kamar an tafi da ɗanta makarantar kwana. Na ce ta yi haƙuri, wanda ya tafi kyau gare shi, wanda ya zo aiki ya iya, kuma na auri irin na farkon, na san yadda ake ƙarewa.

Yanzu ƙarfe takwas na safe ƙanena ke fita aiki, da hularsa, da shayinsa a filas, daga ɗaki zuwa falo. Yakan goge allon da hankici, gefen hagu da gefen dama. Lambar kusurwa tana kan sittin, ba ta motsi, kamar mai ita. Motocin cikin wasan ma wuce shi suke yi, yana bin su da tsaki: "Dubi wannan, wa ya ba shi lasin?" Ranar da na fara jin tsakin nan, sai da na ƙara wa shayinsa madara.

Jiya Auta na hutu, ya kira ta ta ga yadda ake shigar da tirela ma'ajiyar kaya da baya. Ta tsaya a bayansa da sabon takalmi a ƙafa, don cinikin ya bar 'yar rara. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, ya sa ribas. Ni dai na tashi na janye keken ɗinkina daga bayan kujerarsa.

"Yaya, na gan ki," ya ce, bai ko waiwayo ba.