Sawu Mai Yatsa Uku

Ƙanena ba ya jin magana, kuma ba yau ya fara ba. Ni na goya shi, saboda haka ina da bakin faɗa. Tun yana ƙarami aljihunsa ba ya rabuwa da gashin tsuntsu, da ɓawon katantanwa, da saɓar maciji. Ranar da Inna, Allah ya jiƙanta, ta sa hannu a aljihun wandonsa za ta yi wanki ta damƙo kwaɗo mai rai, har ƙarshen layinmu an ji ihunta. Ya sha duka, ya share hawaye, ya koma bayan gida neman kwaɗonsa.

Da ya girma ya yi karatun halittu, muka ɗauka za mu gan shi da farar riga a asibiti. Sai ya samu aiki a gandun daji na ƙasa, wanda iyakarsa ke bayan unguwarmu. Na tambaye shi, "To, me za ka riƙa yi a can? Gadi?"

Ya ce, "A'a, Yaya, masu gadi daban. Ni ma'aikacin bincike ne. Ina ƙirga dabbobi, ina auna ciyawa, ina ɗebo ruwan tafki a kwalba, ina tsintar kashi."

"Kashin wa?"

"Na duk wanda ya yi."

Na riƙe baki. Wato duk wahalar da muka sha a kan karatun yaron nan, ƙarshenta tsintar kashi. Kuma da gaske yake. Na taɓa buɗe firjin gidansa ina neman ruwan sanyi, na tarar da 'yan kwalabe a jere, kowace da rubutu a jiki. Matarsa ta ce, "Yaya, kada ki buɗe, ni ma sau ɗaya na buɗe." Tun daga ranar da ruwana nake zuwa gidan.

Daga baya aka ba shi aikin bin kuraye, sai mutanen unguwa suka laƙaba masa Gardi. Sunan ya bi shi har ya shafe na yanka. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa yake a wurinsa an juya karin maganar, gardi ke shan wahala kura na barci a inuwa.

Cikin kurayen akwai wata macen da ya fi sani. Tarkon waya na mafarauta ya taɓa kama mata ƙafar gaba ya cire yatsa guda, saboda haka sawunta yatsa uku ne maimakon huɗu. Ranar da aka same ta a tarkon, likitan dabbobi ya harba mata allurar barci, ƙanena ya riƙe kanta aka ɗinke ƙafar, sannan ya ɗaura mata wani abin wuya mai na'ura da hannunsa. Abin yana aika ƙara, shi kuma yana da eriya da 'yar rediyo. In ya hau tudu ya juya eriyar, sai ya ji tit, tit, tit, ya san inda take. A takardun ofis lamba ce da ita. Shi Guntuwa yake ce mata.

Shekara da shekaru yana bin ta. Ya san ramin da take haihuwa, ya san tafkin da take sha, ya san ranar da ta yi faɗa ta zama shugabar garkensu. Don ita ya daina turare, ya daina wanka da sabulu mai ƙanshi. Kayan aikinsa ma a leda yake ajiye su da busasshen ganye, wai don kada su ɗauki warin gida. Ya ce dokar aikin guda ce: kada ka bar warinka kusa da rami. Ka zo ta inda iska ke kaɗo maka a fuska, kada ka tofa yawu, kada ka jingina da dutse. In uwa ta shanshana mutum a bakin raminta, a ranar za ta kwashe 'ya'yanta ta sauya wuri. Har bikin 'yata ya zo ba ko ɗigon turare, na ce masa ai sai ya koma wurin dangin nasa na daji.

Ni kuma awaki nake kiwo a bayan gida. Da su na riƙe marayuna tun rasuwar babansu. Akwai wata jar akuya da na fi so, mai haihuwar biyu-biyu, wadda in ta ji muryata daga bakin titi sai ta fara kuka. Shingen garkena na kara ne da tsohon kwano, kuma akwai wata kafa ta ƙasa da Gardi ya daɗe yana yi mini mita a kanta. Ni kuwa kullum sai in ce gobe.

Wata safiya cikin rani na fito da dusa, na tarar da kafar ta zama ƙofa. Jini a ƙasa, igiya a tsinke, jar akuyata babu. Na zauna daɓas na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, ba na jin kunyar faɗa. Kafin wannan an ɗauke wa mai shagon layinmu tunkiya, an ɗauke wa maƙwabciyata bunsuru. Mutane suka taru, aka kira Gardi. Ya zo ya tsuguna, ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ga dama da ya ce kare ne, ba wanda zai musa masa. Sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

Ya ce, "Kura ce. Guntuwa ce. Ga sawunta nan, yatsa uku."

Na ce, "Taka?"

"Ba tawa ba ce, Yaya. Amma ita ce. Shayarwa take, ga namun daji sun yi nisa saboda tafkunan kusa sun ƙafe."

Na ce, "Ni ma shayarwa nake da akuyar nan!"

Ni na ja gaba zuwa ofishin gandun, mai shago da sauran maƙwabta na biye. Ofishin ɗaki ne mai fanka ɗaya da ba ta juyawa sosai, da babbar taswira a bango wadda rana ta cinye launinta. Shugaban gandun mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya saurare mu tsaf, ya sa aka kira ƙanena, ya yi masa magana a gabanmu.

Ya ce, "Ka san abin da zai biyo baya in ba mu yi komai ba. Wani zai zuba guba a mushe, kuraye su ci, ungulu su ci, mu kwashi gawa. Gara mu rasa ɗaya. Gobe da safe ka ɗauki eriyarka ka kai masu gadi inda take."

Gardi ya ce, "Yallaɓai, akwai wayar shinge a sito tana tsatsa. A ba ni, in gyara garken kowa. In ba ta samu ƙofa ba za ta daina zuwa."

"Wannan aikin watanni ne. Mutanen nan yau suke cikin fushi."

"Yallaɓai, tana barci na ɗaura mata abin nan, don mu san rayuwarta. Ban ɗaura don ya zama igiyar da za a ja ta zuwa bakin bindiga ba. In an kashe ta, 'ya'yan ma yunwa za ta kashe su a rami."

Shugaban ya ce, "Na'urar ta gandu ce, ba taka ba. In ba za ka je ba, wani zai riƙe eriyar."

Ƙanena ya share fuska ya nufi ƙofa. Ni na san wannan tafiyar, ita ce wadda yake yi in zai koma neman kwaɗo. Amma fushi ya rufe mini ido.

Washegari muka koma ofis da hantsi, don an ce za a nuna mana gawar hankalin kowa ya kwanta. Masu gadi biyu na zaune a benci da bindigoginsu, suna jiran Gardi tun safe. Can sai ga shi ya shigo daga shi sai singileti, ƙaya ta karce masa kafaɗu, gumi na zuba. Ya ajiye abu a kan teburin shugaban. Abin wuyan ne, fatarsa ta yi baƙi don daɗewa, gashi a manne a jiki.

Ashe irin wannan abin wuya yana da makulli da ake buɗewa daga nesa. An yi shi ne don in batir ya kusa ƙarewa a danna ya faɗi da kansa, ba sai an sake harba wa dabba allura ba. Gardi ya yi sammako ya hau tudun da ke kallon ramin, ya danna. Ya jira Guntuwa ta tafi shan ruwa, ya sauka ya ɗauko.

Shugaban ya dube shi ya ce, "To ai ka san ramin. Kai su can."

"Sai mu je, yallaɓai, amma ba kowa a ciki."

"Ina rigarka?"

"Na bar ta a bakin ramin. Na goge gumina da ita tukuna."

Masu gadin suka kalli juna, don su sun gane kafin mu. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye warinsa, yau ya kai shi har ƙofa ya ajiye. Ya ce yana kan tudu ta dawo, ta shanshana rigar, ta ɗaga kai ta dubi ɓangaren da yake. Daga nan ta shiga ta fara fito da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya a baki. Bai tsaya ganin inda ta nufa ba, ya juya baya da gangan don kada a tambaye shi ya sani.

Shugaban ya ce, "Ka san abin da ka jefar? Binciken shekaru. Kai kanka ba za ka ƙara samunta ba."

Ya ce, "Na sani, yallaɓai. Laifina ne ni kaɗai, a hukunta ni. Amma ba da hannuna ba."

Mai shago ya fara zage-zage, wai an fifita kura a kan mutane. Ni ma na faɗi abin da ya fi nasa zafi. Na ce tunda kura ya zaɓa a matsayin 'yar'uwarsa, daga yau ya je ta riƙa dafa masa abinci. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

Ba a kore shi ba, amma an karɓe eriyar, an cire shi daga aikin kuraye. Aka mayar da shi auna ciyawa: ya jefa wani ƙarfe mai kusurwa huɗu a fili, ya tsuguna ya ƙirga abin da ya tsiro a ciki, ya yanka, ya shanya, ya auna. Aikin sababbin shiga ke nan. Matarsa ta ce mini wani lokaci yana zaune sai ta ga ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu, alhali ba abin da ke ƙara. Na ce shi ya jiyo, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Wayar shingen kuwa sai da ya karɓo ta. Ya yi ta zarya ofis har shugaban ya gaji ya ba shi makullin sito. Duk ranar hutunsa sai ya zo layinmu da diga da filaya. Da garkena ya fara. Ina daga ɗaki ina jin bugun digarsa, ban leƙo ba, ko ruwa ban ba shi ba. Ya haƙa rami ya binne wayar har gwiwa, don kura ta ƙasa take shiga. Da ya gama ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, na tafi." Na yi kamar ban ji ba. Ya wuce gidan maƙwabciyata, daga nan gidan mai shago, wanda ya zage shi kuma ya bari ya yi masa aikin. Har yau wasu ba sa amsa gaisuwarsa, shi kuwa bai fasa gaishe su ba. Mai shago ya rantse in ya ƙara ganin sawun nan, da kansa zai sa guba.

Da damina ta faɗi, wata safiya bayan ruwa na fito da dusa. Awakina na nan lafiya ƙalau. Amma a wajen shingen, cikin laka, ga sawu ya zagaya garken. An ɗan tona ta ƙasa, an ci karo da waya, an haƙura. Na sunkuya na duba da kyau. Yatsa uku. A gefensa ga wasu ƙanana, masu yatsa hurhuɗu.

Guntuwa ce da 'ya'yanta. Wannan ce ta cinye mini jar akuya, ban manta ba kuma ban yafe ba. Amma ni na san yadda ake fita nema da marayu a baya. Na jiyo ƙarar mai shago yana buɗe ƙofar shagonsa. Na ruga na ɗauko tsintsiyar kwakwa da babbar robar wanki. Na kife robar a kan sawu mafi kyau, na bi sauran na share tas, na ja ƙafa a kai. Sannan na zauna a kan robar na ciro waya na kira ƙanena, karo na farko tun ranar ofis.

Mai shago ya leƙo ta saman shinge ya ce, "Maƙwabciya, lafiya da shara cikin laka? Me kika kife a nan?"

Na ce, "Robata ce, bayan gidana ne. In zaman ya dame ka, kai ƙara."

Ya tafi yana gunaguni. Ban tashi ba sai da Gardi ya iso a kan babur, ko fuska bai wanke ba. Na miƙe na ɗaga robar. Ya tsuguna, ya sa yatsa kusa da sawun bai taɓa ba, ya ƙirga manya, ya ƙirga ƙananan. Sai ya fara kuka. Na bar shi ya yi mai isarsa, sannan na miƙa masa tsintsiyar.

Na ce, "In ka gama gaisawa da 'yar'uwar taka, share. Sannan ka shigo ka karya."